Ƙarar Injin Akori-Kura: A Gane Ciwo Kafin A Sayi Magani

Ga damina ta ja baya, masara ta fara bushewa a gona, kaka kuwa tana bakin ƙofa. Saboda haka a wannan mako za mu ɗan ajiye maganar taki da iri, mu taɓa maganar abin da ke kai amfanin gona kasuwa, watau tsohuwar motar nan akori-kura. Manomi ko ɗan kasuwa da ke da ita ya san ba ƙaramar dukiya ya riƙe ba. Ya kuma san ran da injinta ya fara wata baƙuwar ƙara, ran nan barci ba ya zuwa da wuri.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, ran nan ina Mando, kusa da shatale-talen da hanyar Birnin Gwari ta rabu, sai na gamu da wani manomi na wajen Buruku wanda na daɗe ina zuwa gonarsa. Na gan shi zaune a gindin bishiya ya yi tagumi, ga motarsa an buɗe mata baki. Ya ce mini wani makanike ya saurari injin, ya ce ya buga, ba abin yi sai a sayo wani. Har ya aika gida a fara neman mai sayen shanunsa biyu na huɗa. Na ce a tā da motar in ji. Da aka tayar, sai na ji ƙarar ƙarama ce, mai sauri, daga saman injin take fitowa, kamar ana taka keken ɗinki. Muka lallaɓa da ita wurin wani dattijon makanike, ya bari injin ya huce, ya buɗe murfin sama ya daidaita bawul. Ƙara ta ɗauke. Abin da ya biya bai kai kuɗin tiya goma ta masara ba, shanunsa kuwa suna nan a turke.

Amma kada wani ya ji wannan ya ce ashe ƙarar inji ba kome ba ce. A rani na bara wani mai sayen tumatir ya ɗauko kwanduna zai kai Bakin Dogo, ya ji injinsa na bugawa daga ƙasa, ya ce bari dai ya ƙarasa. Bai wuce Afaka ba sai ƙarfe ya fasa cikin injin ya leƙo waje. Ya yi asarar inji, tumatir kuma ya kwana a rana da raɓa har ya narke. Mutum na farko ya kusa sayar da shanunsa a banza, na biyu kuwa ya kashe injin da a dā zai gyaru. Dukansu abu guda ne ya ci su, watau rashin sanin inda ƙarar take fitowa.

Motar da muke magana a kanta

Da yawa daga cikin tsofaffin akori-kura da ke ɗaukar kaya a wannan yanki Peugeot ne, wadda muke kira Fijo, 404 da 504. An fito da 404 a Faransa a 1960, 504 kuwa a 1968. A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a nan Kakuri, aka kuma ci gaba da haɗa 504 har wajen 2006. Wannan ya sa makanikan Kaduna suka san cikinta kamar yunwar cikinsu, kayanta kuma ana samunsu. A kanta zan kafa misali, amma mai Toyota ko Datsun shi ma zai ƙaru, gama ciwon inji kusan iri ɗaya ne.

Injin yana da silinda huɗu. Cikin kowace akwai fistin mai hawa da sauka. Sandar fistin, wadda makanikai ke kira kwanrod, tana riƙe da wani babban ƙarfe mai gwiwoyi a ƙasan injin, shi ne karanshaf. Tsakanin sandar da karanshaf akwai wasu siraran ƙarafa masu laushi da ake kira metal. Ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe a wurin, domin baƙin mai yana shiga tsakaninsu. A sama kuwa akwai bawul takwas masu buɗewa da rufewa, huɗu na shigar da iska da fetur, huɗu na fitar da hayaƙi. To, duk ƙarar da za ka ji, ko dai daga sama take, ko daga gaba, ko daga ƙasa. Ta sama da ta gaba galibi masu sauƙin kuɗi ne. Ta ƙasa ita ce abar tsoro.

Kafin a kasa kunne

Kada ka fara da saurare. Fara da zare sandar gwada mai, motar tana tsaye a wuri mai daidai. In mai ya yi ƙasa, cika shi tukuna, don inji mai ƙishin mai yakan yi ƙara iri iri. Dubi launinsa. In ya zama kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga cikinsa. Murza ɗigo a yatsa cikin rana. In ka ga yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe, metal ya fara cinyewa. Sa'an nan ka lura da jar fitilar mai da ke gaban direba. In tana kamawa sa'ad da inji ya yi zafi yana tafiya a hankali, mai ba ya zagawa da ƙarfin da ya kamata. In kuwa ta kama kana cikin tafiya, tsaya nan take ka kashe mota, ko da kasuwa tana hangenka.

Har wa yau ka dubi hayaƙi. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, aikin kafireto ne ko matatar iska da ta toshe. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, alamar zobban fistin sun ci. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga kuma ruwan lagireto yana raguwa, gasket na kan inji ne ya ƙone.

Ire-iren ƙara

Ka sami dogon sukudireba ko gutsuren sanda busasshe. Dafa bakinsa a jikin injin, ka kara kunnenka a ƙotar. Za ka ji abin da ke gudana a ciki sarai. Ka riƙa matsawa daga wuri zuwa wuri har ka kai inda ƙarar ta fi ƙarfi. Amma fa a tuɓe babbar riga, a naɗe hannun taguwa, gama fanka da bel ba su san mai mota ba.

Ta farko, ƙarar bawul. Ita ce irin ta mutumin Buruku, ƙas-ƙas-ƙas daga ƙarƙashin murfin sama, ba ta damu da ko mota ta ɗauki kaya ko ba ta ɗauka ba. Tazarar da ke tsakanin bawul da abin da ke danna shi ce ta yi yawa. A injin 504 mai fetur ana ba bawul na shiga milimita 0.10, na fita kuwa 0.25, kuma sai inji ya yi sanyi ake aunawa. A sa makanike ya auna da ƙarfen awo. Wanda ya matse bawul da ka don kawai ƙara ta ɗauke, ya shirya maka ƙonewar bawul nan gaba.

Ta biyu, hucin hayaƙi. In gasket na bututun da ke kwashe hayaƙi daga jikin inji ya fashe, yakan yi ƙara kamar ta bawul, musamman da safe. Ka duba wurin za ka ga baƙin toka ya yi zane. Gyaransa na awa guda ne.

Ta uku, ƙarar gaba. In ka ji kuka ko gurnani daga wajen fanka, a cire fambel, a tā da injin yana sanyi na minti guda kawai. In ƙarar ta ɓace, famfon ruwa ne ko na'urar cajin batir, ba ruwan cikin inji. In tana nan, kuma tana kama da jan sarƙa a kan kwano, sarƙar tayimin ce ta saki. A sake ta tun ba ta yi tsalle ba.

Ta huɗu, ƙarar tsakuwa. Kana hawan tudu da kaya, ka taka totur, sai ka ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ka ɗaga ƙafa ta daina. Wannan wuta ce ke kamawa kafin lokacinta. Ko tayimin ya yi gaba, ko fetur ɗin ba shi da kyau, ko inji ya yi zafi fiye da kima. Gyaran ba shi da tsada, amma in aka bar ta takan huda fistin.

Ta biyar, ƙarar kuloci. In ƙarar tana zuwa ne kawai sa'ad da ka taka kuloci, ka saki ta tafi, boris ɗin kuloci ne. Ba a sayen inji dominta.

Ta shida, kaɗawar fistin. Ƙwal-ƙwal da sassafe daga tsakiyar inji, in ya yi zafi ta ragu ko ta ɗauke. Fistin ya yi wa silinda sako-sako. Irin wannan inji ya tsufa, amma yakan yi wata da watanni yana aiki in ana lallashinsa.

Ta bakwai ita ce bugu na gaskiya. Ƙara ce mai nauyi daga ƙasa, kamar ana dukan turmi da guduma, tana ƙaruwa in an taka totur, kuma ta fi fitowa in inji ya yi zafi, mai ya tsinke. Ga yadda ake tabbatarwa. Inji yana tafiya a hankali, a cire wayar fulogi ɗaya da filaya mai ƙotar roba, a saurara, a mayar, a cire ta gaba. Silindar da aka cire wa waya ƙarar ta ragu, metal ɗin sandar fistin nata ne ya ci. In kuwa bugun ya fi zurfi, yana girgiza mota duka in ta ɗauki kaya, manyan metal da karanshaf ke kwance a kansu ne. Duk wanda ya ji ɗayan biyun nan, kada ya ƙara ko da taku ɗaya. A jawo motar da igiya. Kuɗin janwe bai kai kuɗin inji ba.

Akwai kuma agogon gwada ƙarfin silinda, wanda ake ɗaurawa a ramin fulogi. Makanike na ƙwarai yana da shi. Silinda huɗun nan ya kamata su zo kusan daidai, kada wata ta gaza sauran da fiye da kashi ɗaya cikin goma. In ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake gwadawa. In ta tashi, zobba ne. In ba ta tashi ba, bawul ne ko gasket.

Gyara ko sauyi

Ko da inji ya buga, ba lalle ne a yar da shi ba. In an tsaya da wuri, ana fitar da karanshaf a kai wa masu injin gurza su daidaita shi, a sa metal masu kauri daidai da abin da aka rage. Injin Peugeot kuma yana da wani alheri. Silindarsa ba a jikin gangar inji aka fafe ta ba, kwanso ne da ake zarewa, makanikai na kiransa silib. In ya ci, sai a zare a sa sabo tare da fistin da zobba, gangar tana nan yadda take. Inji da ka san tarihinsa, aka gyara shi a gabanka da kaya na ƙwarai, sau da yawa ya fi wanda ba ka san inda ya fito ba.

Ana haƙura da inji ne in gangarsa ta fashe ko ta tsage, ko in an riga an gurji karanshaf har ba sauran abin gurza, ko in an yi lissafi aka ga kuɗin kayan gyara da na aiki ya kai kuɗin wani injin. Lissafin nan a yi shi a takarda, kaya ɗaya ɗaya. Kuma kafin ka yarda, nemi makanike na biyu ya saurara, wanda ba shi da inji na sayarwa.

Sayen inji

Tsofaffin injuna na ƙasashen waje, waɗanda ake ce wa Baljiyam, ana samunsu a Panteka nan Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da kasuwar Ladipo a Legas. Amma a tuna an daɗe da daina yin 504 a Turai, saboda haka da yawan injunan da za ka gani daga motocin nan gida aka ciro su. Wanki da fenti ba su ne lafiyar inji ba. Ka tafi da makanikenka, kada ka aike shi shi kaɗai, kada kuma ka tafi kai kaɗai.

A sa sifana a juya injin da hannu. Ya juya ba tare da ya cije ba, kuma a ji yana turjewa sau huɗu cikin zagaye biyu. A kwance fulogi a duba, kada a ga tsatsa ko jiƙewar mai. A buɗe murfin sama, in an ga baƙin dasƙararren mai kamar kwalta, mai shi na dā ba ya juye. A nemi izini a kwance kaskon mai na ƙasa, a duba ko akwai garin ƙarfe, a buɗe metal ko guda ɗaya a gani. A bi jikin gangar a nemi tsaga ko tabon walda. Mai kaya da ya hana a buɗe, yana son ka yi cinikin biri a sama ne, sai ka yi gaba.

A tabbata injin zai zauna a motarka. Ba duk injin Peugeot ne girmansu ɗaya ba. Na 404 yana da cc 1618, akwai kuma na 504 mai cc 1971. A gwada mazauninsa da wurin da yake haɗuwa da giya kafin a biya. Wanda ke sha'awar ya sauya daga fetur zuwa gas, ko ya sa injin wata mota dabam, ya sani aikin ba ya tsayawa a inji, zai taɓa giya da lagireto da wayoyi da tanki.

Sa'an nan a yi sharaɗi a gaban shaidu, a rubuta: kwana nawa aka ba ka na gwaji, kuma in ya ƙi, kuɗi za a mayar ko wani injin za a ba ka. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sunan mai shago. Ya ku malaman ofis da 'yan'uwanku ke kawo muku takardu ku duba, ku lura da wannan. Lambar inji tana cikin takardun mota, in an sauya inji sai a je ofishin lasin a gyara takarda. Inji marar rasit yana iya zama na sata, ranar da aka tsare mota a hanya kuwa mai ita ne zai yi bayani.

Ranar ɗorawa

A cire kan batir kafin a taɓa kome. A ɗaga inji da sarƙar ɗaga kaya a kan ƙarfe mai ƙafa uku, kada a rataya shi a reshen mangwaro. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, a tokare ta da kututture.

Tun da inji yana waje, a duba farantin kuloci da boris ɗinsa, in sun ci a sake su yanzu, don kada a sake biyan kuɗin sauke inji bayan wata biyu. A sake robobin da inji ke zama a kai in sun tsage. A sake tiyon ruwa da fambel. A kai lagireto a wanke shi ciki da waje. Muhimmin abu kuma, a tambayi abin da ya kashe injin farko. In lagireto ne ya toshe har inji ya yi zafi, aka mayar da shi haka nan, to sabon injin ma hanyar da na dā ya bi zai bi.

A zuba sabon mai da sabuwar filta. Kafin a tayar, a cire wayar wuta a yi ta murza makulli kaɗan kaɗan har jar fitilar mai ta mutu, sa'an nan a mayar da waya a tayar. A bar shi ya yi zafi a tsaye, ana duban yoyon mai da na ruwa, ana kuma saurare da sandan nan. In injin gyararre ne mai sababbin zobba da metal, a yi kilomita 1,000 na farko da kaya marasa nauyi, ba gudu. Bayan haka a juye mai, a sake ɗaure kusoshin kan inji, a sake auna bawul. In kuwa sayowa aka yi, a yi masa aiki sosai cikin kwanakin gwaji, domin in da aibu ya fito tun sharaɗi bai ƙare ba.

Abin da ke kashe inji a wurinmu

Na ga injuna da yawa da suka mutu, na mota da na ban ruwa da na niƙa, kuma dalilan ba su da yawa. Akwai man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba. Sayi mai a galan mai hatimi, ka juye a kan lokaci, ka rubuta ranar a ɗan littafi. Akwai ƙurar hunturu da ta hanyoyin gona. Matatar iska da ta yage tana barin ƙura ta shiga silinda ta riƙa cin zobba kamar yashi. Akwai ruwan rafi mai laka da ake ɗura wa lagireto. Akwai kuma lodi. Motar da aka yi don ta ɗauki kimanin tan guda, watau buhu goma na masara, in aka ɗora mata ashirin, injin ne ke biyan bambancin.

To, jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ne lokacin da ya kamata kowane mai akori-kura ya tā da ita da safe, ya zare sandar mai, ya kasa kunne, tun masara tana gona, makanikai kuma ba su cika da aiki ba. Wanda ya ji wata ƙara da bai gane ba, ya lura da inda take fitowa, da lokacin da take zuwa, da ko tana ƙaruwa in an ɗauki kaya, ya rubuto wa wannan fili. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan shanya masara da tsare ta daga ƙwari a rumbu. Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya kai mu kasuwa lafiya, amin.